Masu Gadin Kwamfutar Jikata

Bijimina ne ya zama kwamfutar nan, shi ya sa har yau idan ana zancenta nake da bakin magana. Tun yana maraƙi yake hannun Fulanin da ke riƙe mini kiwo wajen Dalijan, ja ne mai farin goshi, kuma na so in bar shi ya ƙara shekara. Sai jikata ta zo hutu daga Kalgo, inda take karatu a gidan kawunta, na gan ta tana rubutu a waya da yatsa ɗaya har idonta yana ruwa. Na tambaye ta, ta ce sauran ɗalibai da kwamfuta suke yi, irin wadda ake ɗorawa a cinya, ita kuwa sai ta jira ƙawarta ta gama ta ara. Ranar kasuwa na aika aka kora ja mai farin goshi.

Yarinyar nan ɗiyar babban ɗana ce, wanda Allah ya yi wa rasuwa tana goye. Uwarta tana aure a Kambaza. Ni na yaye ta, ni na yi mata kitso har ta fara cewa nawa tsohon yayi ne. Maza biyu ke tsaye a kanta: baffanta, ɗana na biyu, mai shagon kayan gini a nan Gwandu, da kawunta na Kalgo, wanda ya ajiye aikin gwamnati ya koma noman shinkafa a fadama. Dukansu mutanen kirki ne. Abin da ke damunsu ɗaya ne, kowa yana tsoron a ce ɗayan ya fi shi riƙon marainiya. Tun da aka yi gardamar gidan da za ta zauna ta yi karatu, gaisuwarsu ba ta wuce ta bakin masallaci ranar ɗaurin aure.

Da aka kawo kwamfutar, da hantsi aka buɗe kwalinta, a tsakar gidana, a kan tabarma ƙarƙashin dogon yaro. Na sa ta yi bisimilla kafin ta yanke ledar. Ta danna, fuskar ta yi haske, ta daɗe tana cike-cike, sannan sai ga hotuna ƙanana birjik sun jeru. Ni ban yi boko ba, amma ido na gare ni. Na ga jakar cefane, na ga karta, na ga wasu alewoyi masu launi suna tsalle, ga kuma wani ja daga gefe yana ta leƙowa yana komawa.

Na ce, "Ke, tsaya. Wagga sabuwa ce ko gwanjo?"

Ta ce, "Sabuwa fil, Kaka. A gabanki na yanke ledar."

"To wa ya riga mu shiga ya baza kayansa?"

Ta yi dariya har ta kwanta. Ni kuwa raina ya ɓaci, don na riga na ɗaura zane zan je in sami mai shagon. Sai ta zaunar da ni ta ce haka suke zuwa. Masu ƙera su ne ake biya su cusa waɗannan manhajoji tun daga can, wasu talla suke yi, wasu wasa ne, wasu kuma so suke ka saba da su sannan su nemi kuɗi. Kuma da yawansu, in ji ta, da zarar an kunna kwamfutar suke tashi tare da ita, su cinye mata ƙarfi tun ba ta fara aikin mai ita ba.

Na ce ashe ƙwarya ce. Duk wadda ta taɓa fafe duma ta san sabuwar ƙwarya ba a zuba mata nono ranar da aka fasa ta. Sai an kwashe cikinta, an jiƙa, an kankare, an sake jiƙawa, har ɗacin ya fita. Na ce mata ta gyara zama, yau kankara za mu yi.

Haka muka wuni. Ita tana karanta suna, ni ina yanke hukunci.

"Wanga mi yake yi?"

"Sayayya ake yi da shi, daga ƙasar waje."

"Kasuwar Dodoru ta ƙone ne? Cire."

"Wannan kuma yanayi yake faɗa, ko za a yi ruwa ko ba za a yi ba."

Na leƙa, na ga wani gari fari fat da ƙanƙara. Na ce gwiwata ta hagu ta fi shi sanin ruwan Gwandu, a cire. Karta ba ta ko jira na yi magana ba. Alewoyin nan kam na ga hannunta ya yi nauyi a kansu, na ce, "Kin girma, ƙawata," ta cire tana tura baki. Akwai wani da na ce a fitar don hotonsa bai yi mini ba, ta ce a'a, wannan shi ke sa kwamfutar ta yi sauti, in an taɓa shi ba za ta ƙara magana ba. Ta ce ba kowane baƙon suna ne tarkace ba, wanda ba ta gane ba sai ta bincika tukuna. Na ce a bar shi, jinina ba ya zama shiru.

Jan nan mai leƙe shi ne na ƙarshe. Ta ce antibairos ne, wato mai gadi, mai tsare kwamfuta daga cutar da ke shigowa ta intanet ko ta filash ɗin mutane. Amma wannan na gwaji ne, zai yi ɗan lokaci kyauta, daga nan kullum sai ya fito ya ce ana cikin haɗari, a biya shi. Na ce mai gadin da aikinsa tsorata masu gida ba na so. Na tambaye ta, in ya tafi wa zai tsare ƙofa? Ta ce akwai wanda aka haifi kwamfutar da shi, yana ciki, ba ya surutu, kuma ya ishi irin aikinta muddin ana sabunta shi. Muka sallami ja. Kafin la'asar kwamfuta ta yi sakayau, ana danna ta tana amsawa kamar yarinyar da aka yi wa alkawarin tsaraba.

Bayan la'asar sai ga baffanta ya zo barka. Ya shigo da wani ɗan kwali kore a hannu, yana tafiya irin ta wanda ya kawo abin da ba a zata ba. Ya gaishe ni, ya ce, "Inna, ke kin yi naki, ni ma ga nawa. Antibairos ne, na gaske, daga Birnin Kebbi na sa aka kawo. Ba za a ce ɗiyar yayana tana yawo da kwamfuta ba mai gadi ba."

Ya sa tabarau, ya karɓi kwamfutar ya ɗora a cinya, ya yi ta kwafar lambobi daga jikin wani kati. Da sunansa da lambar wayarsa ya yi rajistar. Mi yarinya za ta ce? Babba ya kawo kyauta har gida, ya zauna da kansa yana sa maka. Ta durƙusa ta yi godiya, ni ma na sa albarka, ya tafi yana ta murmushi.

Ta koma Kalgo. Kawunta ya ga koren tambari a ƙasan fuskar kwamfuta ya tambaya, ta faɗa masa. Washegari bai je fadama ba. Ya dawo da nasa kwalin, ruwan ɗorawa, kuma ya fi na baffa girma, na tabbata sai da ya tambayi mai shago wanda ya fi tsada. Shi ma ya zauna ya sa da hannunsa. Ta durƙusa ta yi godiya.

Ana nan sai ta kira ni a waya, muryarta ba yadda na santa ba. Ta ce an kira ta jarrabawar neman aiki, irin wadda ake yi a kwamfuta daga gida, kwamfutar tana kallonka kana amsawa, kuma idan ta tsaya a tsakiya shi ke nan, ba a sake ba ka dama. Ranar Alhamis mai zuwa ce.

Na ce, "To alhamdu lillahi, ba ga kwamfuta ba?"

Ta ce, "Kaka, kwamfutar ba ta tafiya. Na Baffa da na Kawu faɗa suke yi."

"To ki fitar da ɗaya mana."

Ta ce, "Wanne? Kawu kullum in ya dawo sai ya ce in buɗe ya ga nasa. Na Baffa kuwa da wayarsa aka haɗa, ina taɓa shi saƙo zai je masa."

Da safe na ɗaure man shanu da ƙwan zabi, na shiga motar Birnin Kebbi, daga can na canza ta Kalgo. Matar kawun ta tarbe ni da fura, aka yi gaishe-gaishe, sannan na shiga ɗakin yarinya na ce ta kunna in gani.

Ta kunna. Na sha furata na shanye, na kurkure baki, kwamfuta ba ta gama farkawa ba. Sai ta fara huci, wata fanka a cikinta tana kuka kamar injin ban ruwa. Na taɓa ƙasanta na janye hannu, zafi kamar dutsen guga. Can sai kore ya leƙo da rubutu. Ta ce yana cewa ya kama wani abin zargi. Na ce wa ya kama? Ta ce ruwan ɗorawa. Ba a jima ba ruwan ɗorawa ya fito da nasa rubutun, shi ma ya kama ɓarawo, kuma kore ne ɓarawon. Duk abin da ta buɗe, sai wannan ya caje shi, wancan ya ƙwace ya sake cajewa. Wanda aka haife ta da shi kuwa, ta ce, tunda ya ga baƙi sun shigo ya koma gefe ya naɗe hannu.

Wallahi dariya ta kama ni har sai da na riƙe ƙofa. Na ce, "Waɗannan ai baffanki da kawunki ne. Ko a hoto ba a kama kamanninsu haka ba."

Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kaka, Alhamis fa."

Na zauna na ce ta faɗa mini gaskiya, ba ta kunya ba, wanne ya fi? Ta ce kowanne shi kaɗai zai yi aiki, biyu ne ba sa zama wuri ɗaya. Amma in ita za a bari ta zaɓa, duka za ta fitar ta bar na asali, ya fi sauƙi a kan kwamfutar, kuma ba shekarar da zai ce wa'adinsa ya ƙare. Ta ce ta yi tunanin ta cire su a ɓoye ranar Laraba ta mayar ranar Juma'a. Na ce a'a. Abin da aka sa a gaban mutane, a gaban mutane ake cire shi. Kuma ba ita za ta cire ba, ita yarinya ce, bakinta bai kai ba. Na ce ta ɗauko kwamfutar ta biyo ni.

Kawun yana ƙarƙashin rumfa a ƙofar ɗakinsa, ya dawo daga fadama yana wanke ƙafa. Ya miƙe ya ba ni kujera, na ce tabarma ta ishe ni. Muka gaisa, na tambayi shinkafa, ya ce tsuntsaye sun dame su bana. Na tambayi ciwon bayansa. Sai da muka gama duk wannan na ce, "Alhaji, na zo ne in yi wani ɗan aiki a gidanka, ina so ka zama shaida."

Ya ce, "Bisimilla, Inna."

Na juya ga yarinya na ce, "Wancan koren, na ɗana. Fitar da shi."

Ta dube ni. Na ce, "Da Hausa na yi magana."

Kawun ya gyara zama. Ya ce, "A'a, Inna, lahiya? Ai na baffanta ne."

Na ce, "Awo, na sani, ni na haife shi. Kwamfutar ba ta ɗaukar masu gadi biyu, ga jarrabawa ta matso. Ba zan zo gidan mutum in taɓa kayansa ba alhali ga na ɗana."

Yarinya ta danna, kore ya tambaya ko da gaske ake, ya sake tambaya, har da cewa zai rage kuɗi, kamar dai mai shi. Daga ƙarshe ya tafi. Ni kuwa na ɗauki kofin ruwa na sha a hankali, na kama kallon wata kaza da ke tono a gindin randa. A wajenmu in ka ba da naka a gaban suruki, ka gama magana, saura nasa.

Ya yi gyaran murya. Ya dubi kwamfuta, ya dubi ƙafarsa da bai gama wankewa ba. Ya tambayi yarinya, "Yanzu da nawa kaɗai za ta yi tafiya?"

Ta ce, "Za ta yi, Kawu." Gaskiya ta faɗa, kuma na ji daɗin da ba ta ƙara komai a kai ba.

Na ga yana lissafin yadda zancen zai isa Gwandu: an kori na baffa a gidan kawu, kawu yana zaune yana kallo, nasa kuma yana ciki daram. Sai ya buga cinya ya ce, "Haba! Inna, kina so a ce ni ban san kara ba? Ke, cire nawa. Cire shi yanzu ina gani."

Na ce, "A'a, Alhaji, ka kashe kuɗinka."

"Shi baffan nata da ganye ya saya? Cire!"

Na ƙara hana shi sau ɗaya, yadda ya kamata, sannan na bari. Ruwan ɗorawa bai gama tattara kayansa ba sai wayata ta yi ƙara a cikin lalita. Yarinya ta duba ta ce Baffa ne. Na ce ta sa yadda kowa zai ji.

Ko gaisuwar kirki bai yi ba. "Inna, kina ina? Saƙo ya shigo mini wai an cire antibairos daga kwamfutar yarinyar nan. Na san wanda ya sa."

Na ce, "Ka sani kuwa, ita ce ke maka magana."

"Ke, Inna? Nawa kika cire? Ni kika haifa ko shi?"

"Don kai na haifa aka fara da naka. Da wa kake so in fara?"

Ya yi ta huci kamar kwamfutar ɗazu. Sannan a hankali ya ce, "To nasa fa?"

Kawun ya miƙo hannu, na ba shi wayar. Ya ce, "Malam, ni da bakina na ce a cire nawa, ba wanda ya roƙe ni. Kuma tun da naka ya shigo yake kiran nawa ɓarawo."

Ɗana ya ce, "To ƙarya ya yi?"

Na ɗauka za a ɓata. Sai na ji kawun ya fashe da dariya, can ma a waya ana dariya. Suka shiga gardamar wanne ya fi kama ɓarayi, kowa yana faɗin abin da mai shago ya gaya masa. Yarinya ta sa baki ta ce kyautarsu ba ta faɗi ƙasa ba, kowa yana iya mayar da nasa kan wata na'urar. Ɗana ya ce dama kwamfutar shagonsa ba ta da ko ɗaya. Kawun ya ce shi a waya zai sa, ya ga wanda zai ƙara turo masa saƙon ya ci kyautar mota. Har cajin wayata ya ƙare suna yi.

Da yamma ta gama sauran aikin ina zaune kusa da ita. Ta tashi mai gadin asali, ta bar kwamfutar ta sha data ta sabunta kanta. Ta kwafe karatunta duka a wani ɗan abu kamar akwatin ashana, ta ce ko kwamfuta ta lalace wannan yana nan. Ta ce daga yau filash ɗin kowa ba ya shiga sai an caje shi, ko na ƙawarta ne. Sannan ta sa kalmar sirri, doguwa, tana rufe hannu da gyale. Na ce ta faɗa mini. Ta ce ko ni ba za ta faɗa wa ba. Na ce bijimina ne fa. Ta ce, "Kaka, ke da ko kaza ta yi ƙwai sai unguwa ta ji." Na kai mata duka da mafici, ta goce.

Ban koma Gwandu ba, na ce sai na ga Alhamis. Ranar tun da safe kawun ya sa aka cika batirin sola, ya hana kowa kunna rediyo. Yarinya ta yi wanka ta sa hijabinta mai kyau, ta shiga ɗaki ta rufe. Ni da matar kawun muka zauna a tsakar gida muna ɓarar gyaɗa, muna magana ƙasa-ƙasa. Kunnena yana ɗakin. Kukan fankar nan nake saurare, ban ji ba.

Ana cikin haka aka yi sallama a zaure. Na san muryar, ɗana ne. Wai yana da kaya da zai duba a Birnin Kebbi, ya ga hanya ce. Kalgo ba ta kan hanyarsa, kowa ya sani, ba wanda ya faɗa. Kawun ya shimfiɗa masa tabarma, aka kai musu fura a kwano ɗaya da ludayi biyu. Ina jin su suna raɗa, wai kada su dami mai jarrabawa, amma raɗar tasu har bayan katanga ana ji.

Rana ta kusa tsaka ƙofa ta buɗe. Ta fito tana miƙa, ta cire hijabi ta rataya a igiya. Maza biyu suka leƙo daga zaure tare, kowa da ludayinsa a hannu.

Ta ce, "Na gama. Ba ta tsaya ba ko sau ɗaya." Sannan ta dubi kwanon da ke gabansu ta ce, "Baffa, Kawu, kun rage mini kuwa?"

Ba su rage ba. Na tashi na dama mata wata.